Me ya hana su gudu? Muhawara a kan littafin Never Let Me Go

Rabi'atu:
Assalamu alaikum. Jiya wajen ƙarfe biyu na dare na rufe Never Let Me Go na Kazuo Ishiguro, kuma har aka yi asuba ban runtsa ba. Wanda bai karanta ba, yana kuma da niyya, ya tsaya a nan, don zan fasa ƙwai.

Wata mata ce mai suna Kathy take ba da labarin. Shekarunta 31, ta yi sama da shekara 11 tana aikin jinya. Ta tashi a wata makarantar kwana a karkarar Ingila, Hailsham, tare da ƙawarta Ruth da wani yaro mai saurin fushi, Tommy. Makaranta ce mai kyau, ga filin wasa, ga malamai, ana koya musu zane da waƙe, kusan kowane mako likita na duba su. Sannu a hankali kake ganewa cewa yaran nan ba haihuwarsu aka yi ba. Kwafinsu aka yi daga ƙwayoyin halittar wasu mutane, ana kiwon su don in sun girma a riƙa cire sassan jikinsu ana dasa wa marasa lafiya. Wani a cirewa ta biyu yake tafiya, wani ya kai ta huɗu. Ba a ma cewa sun mutu, sai dai a ce sun "kammala".

Ga abin da ya tsaya mini a wuya. Kathy tana da mota. Ita kaɗai take tuƙa ta daga wannan asibiti zuwa wancan, ba ɗan sanda a bayanta, ba sarƙa a ƙafarta. Amma daga farkon littafin har ƙarshensa ba wanda ya buɗe baki ya ce mu gudu. Iyakar burinsu shi ne wata jita-jita da suka ji, wai in mace da namiji suka tabbatar suna son juna da gaske za a ɗaga musu ƙafa shekara uku. Shekara uku kacal! Kuma tun a shafin farko Kathy alfahari take yi da cewa waɗanda take jinya ba sa tayar da hankali ko da an zo cirewa ta huɗu. Na ji kamar in shiga littafin in girgiza ta. Don Allah waɗanda suka karanta, ni ce ban fahimta ba?

Auwal:
Wa alaikumus salam. Kin fahimta sarai, Rabi'atu. Ni ma abin da ya sa na ajiye shi kenan ban sake waiwayarsa ba. Littafi ne da ake cewa yana tambayar mene ne ɗan Adam, amma ya manta da abu na farko da ɗan Adam ke yi in ya ga wuƙa. Ko akuya aka ja za a yanka sai ta turje. Bayin Haiti sun yi bore a 1791, ba su tsaya ba sai da suka kafa ƙasarsu a 1804. A sansanin kisa na 'yan Nazi da ke Sobibor a ƙasar Poland, a 1943, fursunonin da ba su da komai sun tashi sun fasa shinge. Wannan shi ne mutum. Ishiguro ya zauna ya ƙirƙiro bayin da babu irinsu a duniya, sannan ya ce mu yi musu kuka.

Malam Sadi:
Auwal, misalanka gaskiya ne, amma ka ɗauko waɗanda tarihi ya rubuta sunansu ka bar sauran. A bayan duk bawan da ya gudu akwai dubbai da suka tsufa a gonar ubangijinsu, kuma ba wanda zai ce su ba mutane ba ne. Da yawa daga cikin mutanen Haiti an haife su a Afirka, suna tuna gida, suna tuna sunan da uwa ta raɗa musu. Suna da abin da za su auna bautarsu da shi. Yaran Hailsham fa? Ko sunan mahaifi ba su da shi, harafi ɗaya ake liƙa musu, Kathy H., Tommy D. Duk duniyarsu makarantar nan ce.

Ka tuna da dajin da ke bayan makarantar. Yaran suna ba junansu labarin wani yaro da ya fita, aka tsince shi ɗaure a jikin bishiya an yanke masa hannuwa da ƙafafu, da wata yarinya da ta haura shinge don ta ga waje, ta dawo tana roƙo aka ƙi buɗe mata, har ta mutu a can. Yaron da ya kwana da wannan labari yana ɗan shekara bakwai ba ya bukatar mai gadi in ya kai talatin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai kuma dabarar da Malama Lucy ta tona ranar da ruwan sama ya tsare su, suna 'yan shekara 15, wasu yara na hirar zuwa Amurka su zama 'yan fim. Ta ce musu an gaya musu amma ba a gaya musu ba. Ana ba su gaskiyar ne gutsure-gutsure, kowane gutsure a lokacin da hankalinsu bai kai ya riƙe shi ba. Ranar da suka isa ganewa, sai suka ji kamar tun fil azal sun sani. Mutum ba ya bore a kan abin da yake ganin haka duniya take.

Zee:
Kai jama'a, na kai babi na shida ne kawai. Na ga gargaɗin kuma na ci gaba da karantawa. Yanzu na gane dalilin da Madam, matar nan da ke zuwa makarantar ɗibar zane-zanen yaran, ke ƙyamar su. Zan dawo in na gama.

Sista Hauwa:
Ni zan shigo ta wata ƙofa, don abin da ya ba Rabi'atu haushi game da Kathy shi ne ya sa ni na kasa haɗa ido da kaina. Shekara 14 ina aikin jinya. Alfaharin nan nata na san shi ciki da bai. In ka yi dare guda babu wanda ya yi ihu, babu ɗan'uwan majinyaci da ya ɗaga murya, kana tafiya gida kana jin ka iya aiki. Ba ka tambayar ko shirun nan alheri ne ga mai ciwon ko sauƙi ne gare ka.

Sannan kalmomin. Wanda ake cire wa sassan jiki suna ce masa "mai bayarwa", in ya mutu su ce "ya kammala". Mu ma muna da namu. Akwai wani dattijo da ya yi mako uku a ɗakinmu. A wurin miƙa aiki kullum sai mu ce gado na shida ya ƙi cin abinci, gado na shida a canja masa ƙarin ruwa. Kowace safiya yakan roƙe ni in juya masa gadon kaɗan ya riƙa ganin taga, ina yi masa, amma sauri nake yi. Ranar da ya rasu, 'yarsa ta zo karɓar kayansa, ta faɗi sunansa, wallahi sai da na duba kati kafin na gane wa take nufi. Ta buɗe jakarsa a gabana, akwai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, da ɗan littafi cike da sunayen jikokinsa da ranakun haihuwarsu. Ni ban zalunce shi ba, maganinsa bai taɓa wuce lokaci ba. Amma mako uku ina kiransa da lamba.

Da na zo inda Kathy ke cewa Ruth ta kammala, dattijon nan na tuna. In ka canja wa abu suna, hannunka zai iya yin abin da zuciyarka ba za ta yarda da shi ba.

Rabi'atu:
Allah sarki, Anti Hauwa. Allah ya jiƙansa. Ban kalli Kathy ta nan ba.

Hajiya Binta:
Ina so in ce wani abu a kan Malama Emily, shugabar makarantar, don na ga mutane da yawa suna tsine mata. Ku dubi abin da ta tarar. Ana kiwon irin yaran nan a wasu gidaje cikin ƙazanta da wulaƙanci, ba wanda ya damu. Ita da Madam suka kafa wurin da za a ba su ilimi da tarbiyya, suka riƙa tattara zane-zanen yaran suna kai wa ministoci da manyan coci da masu kuɗi, suna cewa ku duba, waɗannan ma suna da ruhi. Ba ta da ikon hana cirewar, mutane sun riga sun ɗanɗana duniyar da ciwon daji ke warkewa, ba za su koma baya ba. Ta yi abin da za ta iya, ta ba su ƙuruciya. Ashe ba gara haka ba da babu? Ni uwa ce, na san akwai gaskiyar da ake ɓoye wa yaro don a bar shi ya yi wasa.

Malam Sadi:
Hajiya, ba na musun cewa yaran Hailsham sun fi sauran jin daɗi. Amma zancen zane-zanen nan shi ne ya fi komai ƙona mini rai a littafin, saboda ya taɓa faruwa, ba tatsuniya ba ce.

A 1761 aka sauke wata ƙaramar yarinya daga jirgin bayi a Boston ta ƙasar Amurka, an ɗauko ta daga Afirka ta Yamma. Suka sa mata sunan jirgin, Phillis, da sunan maigidan da ya saye ta, Wheatley. Ta koyi Turanci, ta fara rubuta waƙoƙi. Da za a buga littafinta a Landan a 1773, sai da aka sa wata takarda a gabansa, manyan Boston su 18 sun sa hannu, har da gwamna, suna shaida cewa lallai ita ce ta rubuta. Wato sai an kawo shaidu kafin a yarda baƙar mace tana da hankalin da zai haɗa baiti. To me ya biyo baya? An 'yanta ta, gaskiya ne. Amma Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya karanta ya ce waƙoƙin ba su ma kai a tsaya sukarsu ba, bauta ta ci gaba a Amurka har 1865, ita kuma ta rasu a 1784 cikin talauci, tana da wajen shekara 31, sa'ar Kathy.

Matsalar ita ce, daga ranar da ka yarda a kafa jarrabawar, ka riga ka yarda akwai wanda zai iya faɗuwa. Tommy bai iya zane ba yana yaro. Ya zana giwa a cikin ciyawa don wasa, yara suka mai da shi abin tsokana shekara da shekaru. In zane ne shaidar ruhi, Tommy ba shi da shi kenan? Shi kansa ya gaskata haka, shi ya sa da ya girma ya ɓoye yana zana ƙananan dabbobi na ƙirƙira a littafi, da fatan wata rana za a karɓa. Ya ɗauke su har gidan Madam. Aka ce masa babu wani ɗaga ƙafa, ba a taɓa yi ba.

Kuma Hajiya ki tuna, a wannan zaman na gidan Madam, mutum biyu, Kathy da Tommy, sun zo roƙon ransu, amma rabin hankalin Malama Emily yana kan wata durowar gefen gado da ma'aikata suka zo ɗauka, tana tsoron kada su ƙarce ta. Ta kuma faɗa da bakinta cewa kullum sai ta yi yaƙi da tsoron da take ji in ta kalle su.

Hajiya Binta:
Na manta da durowar nan, Malam. Ta yi mini zafi da na karanta. Amma har yanzu ina ganin wadda take jin ƙyama ta danne ta, ta yi aikin shekara da shekaru, ta fi wanda bai ji komai ba kuma bai yi komai ba.

Ustaz Nura:
Ban karanta littafin ba, amma na bi maganganunku daga farko. Abin da zan ƙara kaɗan ne. A Suratul Isra'i, aya ta 85, da aka yi tambaya a kan ruhi, amsar da ta zo ita ce al'amarinsa na Ubangiji ne, kuma ilimin da aka ba mu kaɗan ne. A surar dai, aya ta 70, aka ce an karrama 'ya'yan Adam, ba a gindaya sharaɗin fasaha ko kaifin basira ba. Jaririn da bai yi magana ba, da tsohon da ya rikice bai san 'ya'yansa ba, da wanda ke kwance bai san inda kansa yake ba, duk suna ciki. Don haka kwamitin da zai zauna ya duba zane ya yanke wa wani hukuncin yana da ruhi ko ba shi da shi, ya ɗauki aikin da ba nasa ba tun kafin ya buɗe fayil.

Auwal:
To amma Ustaz, su waɗannan ai a ɗakin gwaji aka haɗa su. Ba kare masu cirewar nake ba, tambaya ce. Kwafi mutum ne?

Kabiru:
Auwal, bari in amsa maka, don wannan ya shafe ni. Kwafi ba wani abu ba ne face tagwayen da aka haifa a makare. Tunkiyar nan Dolly da aka yi a cibiyar Roslin kusa da Edinburgh a 1996, bayan gwaji 277, tunkiya ce kamar kowace, ta ci ciyawa, ta haifi 'ya'ya shida, ta mutu a 2003. Kuma dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, a Boston a watan Disamba 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, Ronald Herrick ya ba ɗan'uwansa Richard. Ƙwayoyin halittarsu ɗaya, shi ya sa jiki bai ƙi ƙodar ba. Amma ba wanda ya ce Ronald kayan gyaran Richard ne. Sai da aka tambaye shi, ya yarda.

Na san wannan tarihin ne saboda ƙoda ɗaya gare ni yanzu, ɗayar tana jikin ƙanina. Kafin a yi aikin likitoci sun kira ni ni kaɗai, ba iyaye ba kowa, suka ce in akwai wanda ya matsa mini in faɗa, za su ce gwaji ne bai dace ba, ba wanda zai sani. Har safiyar aikin, ina kan gadon da ake turawa, sai da aka sake tambayata. Wannan tambayar ce ta mai da abin kyauta. A littafin suna kiran su masu bayarwa, alhali ba a taɓa tambayarsu ba ko sau ɗaya.

Ga kuma abin da ban taɓa faɗa ba. Kafin a gano tawa ta dace, ƙanina ya yi wata goma sha ɗaya yana wankin ƙoda, sau uku a mako, awa huɗu kowane zama. Ina zaune a gefensa ina kallon jininsa yana fita ta wani bututu yana dawowa ta wani, ƙafafunsa a kumbure, an hana shi ko ruwa ya sha ya ƙoshi, sai dai ya tsotsi ƙanƙara. A watannin nan, da wani ya zo ya ce mini ga ƙoda, wallahi ba zan tambayi daga ina ta fito ba. Da ma zan roƙe shi kada ya gaya mini. Kowa a nan yana karanta littafin yana ganin kansa a Kathy ko Tommy. Ni mutanen waje na gani, waɗanda littafin bai ma nuna fuskarsu ba, masu son matansu da 'ya'yansu su rayu, suka zaɓi kada su sani. Ba mugaye ba ne irin na fim. Ni ne a wata na tara.

Sista Hauwa:
Kabiru, Allah ya saka maka, ya ƙara wa ƙaninka lafiya. Gaskiyar da ka faɗa ba kowa ke iya faɗarta ba.

Malam Sadi:
Kuma ba sai an yi kwafi ba kafin a kau da kai. A Tuskegee, jihar Alabama, daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta bibiyi baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere don ta ga yadda ciwon ke cin jiki, ba a ba su magani ba ko bayan da penisilin ya samu. Shekara 40, ana buga sakamakon a mujallun likitoci, likitoci na karantawa.

Auwal:
Yaya Kabiru, na yi shiru a kan tambayata, ka amsa ta. Amma a kan gudu ban sauka ba. Ko mutum ɗaya ne, ko a gefen labari, da marubucin ya nuna wani ya gwada an kamo shi. Na san Ishiguro ya sha faɗa a hira cewa shi waɗanda ba sa gudu ne suka dame shi, kuma labarin misali ne na mutuwar da ke jiran kowa. A nan ne ma nake ganin ya yi kuskure. Mutuwata ba wanda ya tsara ta don amfanin kansa. Tasu mutane ne suka zauna suka tsara. In ka haɗa ƙaddara da zalunci a tukunya ɗaya, ka wanke azzalumi.

Malam Sadi:
Wannan sukar tana da ƙarfi, Auwal, ba zan ce ba ta da shi ba. Sai dai haushin da kake ji har yanzu, bayan ka ajiye littafin da daɗewa, ina jin da wani ya gudu a babi na ƙarshe da tuni ya huce.

Rabi'atu:
Na koma na sake karanta shafukan ƙarshe bayan maganar Yaya Kabiru. Akwai wurin da na wuce da sauri jiya saboda hawaye. Suna dawowa daga gidan Madam cikin dare, Tommy ya ce Kathy ta tsaya da motar. Ya fita ya shiga wata gona cikin duhu da taɓo, ya yi ta kururuwa yana shure-shure, irin fushin da yake yi yana yaro ana yi masa dariya. Kathy ta bi shi ta rungume shi, yana fizgewa tana riƙewa, har ya yi shiru. Da suka koma mota ta ce masa ta yiwu tun yana ƙarami, can ƙasan zuciyarsa, ya san abin da sauran ba su sani ba, shi ya sa yake wannan fushin. Auwal, ga akuyarka da ta turje, tana nan a littafin. Ta turje ne a inda ba mai ji sai mutum ɗaya.

Bayan haka ya ce a canja masa mai jinya, don ba ya so ta ga yadda zai lalace a cirewa ta huɗu. Jiya na ɗauka korarta ya yi. Yau na ga ita ce kaɗai tambayar da aka bar masa ya amsa da kansa a duk rayuwarsa, wa zai gan shi a ƙarshe, kuma ya yi amfani da ita ya kare ta.

Har yanzu ina so a ce ta juya motar nan a yankin Norfolk na Ingila, inda a ƙarshen littafin ta tsaya a gaban shingen waya tana kallon ledojin da iska ta kwaso suka maƙale. Ba ta juya ba. Yaya Kabiru, in ba damuwa, ƙanin naka ya karanta littafin?

Kabiru:
Bai karanta ba. Yana kan teburina tun bara, na kasa ba shi.